Waɗanda suka taɓa kai yara Luksor, ku zo ku ba mu labari

Maman Walida: Assalamu alaikum. Maigidana zai koma ganin likita a Alƙahira cikin Disamba, ya ce tunda ya dace da hutun makaranta mu tafi gaba ɗaya, in an sallame shi mu gangara Luksor, garin tsoffin gine-ginen Fir'aunonin Masar, mu yi kwana uku. Yara uku ne: mai shekara 11, mai 7, sai auta mai 3. Ni tsorona wahala. Surukata kuma ta kafe, wai me za a kai yara su gano a gidan gumaka. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da yara ya faɗa mana gaskiyar yadda ta kaya.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Kun dace da wata. Mu a Agusta muka je, ina taƙamar ɗan Sakkwato ne ni, wace rana za a nuna mini? Ashe ban san komai ba. Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa haikalin sarauniya Hatshefsut, wanda yake jingine da dutse, hawa uku, babu ko bishiyar da za ka raɓa. Zafi ya haura 40, dutsen kuma yana mayar maka da shi a fuska. Kafin mu kai hawa na biyu Sadik ya yi haɓo, uwarsa tana tare jini da mayafi, ɗan jagoranmu yana can gaba yana ta bayanin jiragen da sarauniyar ta aika ƙasar Punt, bai ma san abin da ake ciki ba. Daga ranar muka koma fita bayan asuba, ƙarfe goma muna masauki. Ko a Disamba haka zan ce ku yi, sai dai ku riƙe rigunan sanyi, safiyar can tana cizo.

Maman Amira, Damagaram: Yaya, kar ki wahalar da kanki da keken tura yaro. Ƙasan haikalin Karnak duwatsu ne masu gargada da yashi, na ƙare ina ɗauke da keken, mijina yana ɗauke da yarinyar. Washegari zani na ɗauko na goya ta, Turawa sai kallona suke suna murmushi.

Karnak ɗin nan shi ya fi burge nawa. Tun daga ƙofa, jerin zakoki masu kan rago, ɗana ya tsaya ƙirga su yana cewa ragunan layya. Ciki kuma akwai zauren ginshiƙai 134, na tsakiya guda 12 sun kai mita 21, mu biyar muka riƙe hannu ba mu zagaye ɗaya ba. Wurin kamar don ɓuya aka gina shi, kuma nan matsalar take. Na juya in ɗauki hoto, na waiwayo babu Amira. Minti biyar ne ko shida, amma ban taɓa jin ƙafata ta yi sanyi haka ba, ko'ina ka duba ginshiƙi ne da mutane. Can wani mai gadi da jallabiya ya fito riƙe da hannunta, tana shan alewa abinta. Tun daga nan kowa na saka masa katin masauki a aljihu, na kuma sa musu kaya masu launin da ake hangowa daga nesa.

Kusa da tafkin ciki akwai wani ƙaton buzuzu na dutse, za ki ga baƙi suna zagaya shi wai don sa'a. Nawa suka bi sahu da gudu, sai da na janyo su na ce mu ba ma wannan.

Malam, ɗalibi a Azhar: Hajiya, batun Inna ba abin wasa ba ne, kuma kada a yi musu da ita. A gaya mata ba mai bauta a wuraren nan yau, kufai ne, Alƙur'ani kuma ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Abin da zai fi kwantar mata da hankali shi ne hoton masallacin Abul Hajjaj. A cikin haikalin Luksor yake, a kan ginin Ramsis na biyu, an sa masa sunan wani shehi da ya rayu a ƙarni na 13, har yau ana salla a ciki. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin, da aka tono sai tsohuwar ƙofarsa ta zama tana can sama, ba matakala. Na kai iyalan yayana da magariba, aka kunna fitilu, aka kira salla daga saman ginshiƙan Fir'auna. Yayana bai ce uffan ba har muka fito.

Ku shirya wa tambaya ɗaya, don sai sun yi ta: "Wannan ne Fir'aunan Annabi Musa?" Ni dai nakan ce musu Fir'auna sarauta ce, an yi su da yawa, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Wasu masana suna cewa Ramsis na biyu ne, wasu suna cewa ɗansa ne. Gawar Ramsis ɗin ma ba ta Luksor, tana gidan tarihi na Fustat a Alƙahira tun 2021, kuna iya leƙawa kafin ku taso.

Baban Sadik: Na manta. Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke, tikiti ɗaya kabari uku ne, na Tutankamun daban ake saya. Kabarin ƙarami ne, gawarsa na ciki, mai shekara 7 ɗinku ta iya yin mafarkinta.

Hajiya Babba: Ni wanda zan hana ku shi ne haikalin Abu Simbel. Daga garin Aswan, can kudu da Luksor, kusan kilomita 280 ne, aka tashe mu ƙarfe huɗu na dare, jikokina suka yi amai a mota, muka yi awa biyu a can muka sake kwasar hamada. Mutum-mutumi huɗu ne a zaune, an gani, sai me?

Maman Amira, Damagaram: Hajiya ki yi haƙuri, a nan kam ban bi ki ba. Babban ɗana har yau zancensa ke nan, yadda aka yayyanka dutsen gaba ɗaya tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi. Yini ya yi yana neman layin yankan a jikin bango. Amma da mai shekara 3, kuma kwana uku kacal, gaskiyarki ce, su bar shi.

Hajiya Babba: To ai shi na ce, 'yar nan. In dai sai an je wajen Aswan, a tsaya Kom Ombo, akwai ɗakin busassun kadoji. Shi kaɗai jikokina suke tunawa, shi da ruwan rake.

Abban Hanif: Magana ta kuɗi. Da muka je, tagar tikiti ba ta karɓi tsabar kuɗi ba sai kati, katin nairata kuma ya ƙi, sai direbanmu ne ya biya na ba shi a hannu. Ku gwada naku tun a Alƙahira. Ku tara canji ƙanana, don mai banɗaki, mai gadin da ya nuna wa yaro wani zane, mai keken doki, kowa na jiran bakshish, wato na goro. Mai keken doki kuwa ku gama ciniki kafin ku hau, ku tabbatar kuɗin Masar ake nufi, kuma na kowa da kowa ne. Abinci ba damuwa: koshari shinkafa ce da taliya da wake-waken su, karkade kuma zoɓo ne.

Maman Walida: Allah ya saka da alheri, na rubuta komai. Mun tsayar da Karnak da sassafe, haikalin Luksor da magariba, rana ta biyu mu haye kogin Nilu, ta uku yara su huta su shiga kwalekwale. Malam, na nuna wa Inna hoton masallacin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko jirgin ƙasa mai gado da ke zuwa Luksor daga Alƙahira yana da wurin alwala, kuma nawa ne kujerar mutum ɗaya.