Ta yaya zan gane bayanin kayan aikin AI ya yi kyau?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar manhaja. Ina Jos, ina haɗa wa wani kawuna mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada mataimakin AI ta hanyar MCP, wato tsarin da ke haɗa AI da kayan aikin da zai kira. Kayan aiki biyu na ba mataimakin: duba_farashi da duba_saura, kowanne da bayaninsa (wanda AI ke karantawa ya zaɓi wanda zai kira) da tsarin JSON ɗinsa (fasalin da ake tsara bayanai a rubuce don manhaja).

Abin da ya ishe ni: in aka ce "buhu nawa ne?", sai ya kira duba_saura, alhali kuɗin buhu ake nufi. Laifin Hausarmu ma ne, "nawa" ɗin fuska biyu gare shi. Na tsawaita bayanin, na ƙara "kada a kira wannan don farashi", ya gyaru nan, ya ɓaci can. Yanzu har buhu da kwando yake cakuɗawa.

Sati biyu ke nan ina lalube cikin duhu. Da me kuke auna ingancin bayani? Tambayoyin gwaji kuke tarawa ku ƙirga sau nawa ya zaɓi daidai, ko wani AI kuke sa wa ya ba da maki? Kuma da Turanci zan rubuta bayanin ko da Hausa? Don Allah a taimaka, kawu ya fara cewa littafinsa ya fi.