Musayar Baiti: Asabar a Elmina, Lahadi a Kakum

Ɗan Yawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da dare muka dawo daga hutu a gaɓar tekun Ghana, inda muka ga garin Elmina da tsohon gininsa da Turawa suka riƙa tsare bayi a ciki, ƙafa na ciwo, baki na ƙaiƙayi. Amsa-amon yau "ya" ne, wanda ya karya shi ya kuka da kansa.

Da sunan Allah zan fara,
Wanda ya yi giwa ya yi fara,
Ya shimfiɗa teku ba gyara,
Ya ba mu ƙafa don yin tafiya.

Ran Juma'a muka doshi yamma,
Mun bar Akra rana na sama,
Cunkoson garin Kasowa ya kama,
Sai da isha muka ƙare hanya.

Asuba rurin teku ya tashe ni,
Iska mai gishiri ta shafe ni,
Ƙarnin ɗanyen kifi ya tarbe ni,
Na ce lallai mun zo bakin duniya.

Kwale-kwale ga su a jere,
Kowanne da tutarsa a ɗaure,
Mata da manyan kwanoni sun tare
Bakin gadar da ke kan tafkin Benya.

Daga gefe ga wani farin gini,
Haskensa har yana kashe gani,
Ba ka ce cikinsa an zub da jini,
Sai ka shiga za ka ji gaskiya.

Lahadi kuwa sai muka yi daji,
Kakum, kurmin da kuka sha ji,
Gadar igiya na yi mata gwaji,
Na haye ta ina ta dariya.

Autar Mata

Yaya, barka da dawowa,
Baitinka ya yi, ba kushewa,
Amma kafin in yi yabawa,
Ka yi haƙuri, ina da tambaya.

Ka ce mana ka tafi hutu,
Sai ga ka a inda aka mutu,
Gidan bayi fa ake batu,
Wane hutu ne da ƙunar zuciya?

Da ni ce, kan yashi zan kwanta,
Teku na waƙa ina jin ta,
Duk wata damuwa in manta,
Ba in biya kuɗi in sayo wuya.

Kawu Mai Alli

Bari in sa baki, don na taka Elmina tun kafin a rataya gadar Kakum a 1995. Sunan garin ma daga "mina" ya fito, wato mahaƙa a harshen Fotugal, kun ga tun daga suna an san me ya kawo su. Ni da ƙwar biyar na saba, ku yi haƙuri da tsoho.

'Yata, matso ki ji labari,
Ba don bayi aka gina shi ba da fari,
Fotugal ta zo neman zinari,
A 1482 ta kafa shi a gari,
Sarki Kwamina Ansa ya yarda da wuya.

Da hayin teku, nahiyar Amurka, ya shuka rake,
Sai hajar kasuwar aka sake,
Ɗakin ajiyar kaya nan take,
Aka zuba mutane ciki a sarƙe,
Ɗan Adam ya maye gurbin zinariya.

Daga can cikin ƙasa ake koro su,
A ƙafa, da ƙarfe a wuyansu,
A Assin Manso a tsaya da su,
A rafi su yi wankan ƙarshensu,
A shafe su da mai don idon mai saya.

A 1637 Holan ta yi dabara,
Ta hau tudun da ke daura,
Ta saita igwa, nan ta fara
Luguden wuta, gari na ƙara,
Kwana kaɗan Fotugal ta karaya.

A 1872 Ingila ta karɓa,
Holan ta miƙa abin da ke gaɓa,
Mutan gari suka ƙi, suka saɓa,
Da shekara ta zagayo igwa ta taɓa
Tsohon garin, ta ƙone shi baki ɗaya.

Sarkin Asante ma nan ya kwana,
Prempeh na farko, kun ji magana,
A 1896, kafin a ce Ghana,
Daga nan Saliyo aka kai shi ya zauna,
Sannan Seshels, cikin tekun Indiya.

Yashin nan da kike son ki saka
Haƙarƙarinki a kai, shi suka taka,
Na ƙarshe kafin jirgi ya ɗauka,
Ki kwanta, ban ce ki yi ta kuka,
Amma ki san a kan me kike kwanciya.

Ɗan Yawo

Allah ya ƙara girma, Kawu. Kai ka kawo na littafi, ni ga abin da ido ya gani.

Jagora ya tura mu wani ɗaki,
Ƙoƙon kai aka zana a baki,
Ya ja ƙyaure, duhu ya rufe jiki,
Har ana jin bugun zuciya.

Babu haske, babu iska,
Gumi na bin wuya da fuska,
Wata baƙuwa ta fashe da kuka,
Minti guda ne fa, ba kwana ɗaya.

Daga bene gwamna ke duba
Matan da ke ƙasa, ya zaɓa,
Wadda ta ce ba za ta je ba,
A ɗaure ta da ƙwallon igwa a farfajiya.

Can sama kuma ɗakin ibada,
Ana addu'a bisa al'ada,
Ba wanda nishin ƙasa ya tada,
Wannan shi ya fi ba ni kunya.

Ƙofar da ba a komowa,
Ta fitar da bayi zuwa jirgi, ba ta da yalwa,
Sai da na karkace kafin leƙawa,
Na hango masunta suna jan igiya.

Da muka fito yara na ƙwallo,
A gindin ganuwar, muna kallo,
Kaina kamar wankakken allo,
Har masauki ban ce uffan ba a hanya.

Auta, ban iya ce miki hutu ba ne a ranar. Amma da mun tsaya a bakin ruwa muna hoto da ginin a bayanmu, ba mu shiga ba, da yanzu kunyar kaina nake ji.

Na-Gefe

Aboki, share hawayenka,
Mu koma kan gadar nan taka,
Ni na san tsoron da ke ranka,
Ko tsani ka hau sai ka yi magiya.

Ka ce wai ka haye da murna,
A kawo shaida ta yi magana,
Ko hoto ɗaya a nuna mana,
In ba haka ba mun ce ƙarya.

Uwargidan Ɗan Yawo

Ga shaida ta iso. Maigida, ka gafarce ni, kai ka ja.

Da sanyin safiya muka isa,
Hawan tudu ne kafin a kai bisa,
Maigida na gaba, ya ba mu nisa,
Yana ta cika baki da fariya.

Gadoji bakwai ne a rataye,
Jikin dogayen itatuwa a tsaye,
Raga ta kama gefe a kewaye,
Katakon takawa falle ɗaya.

Tsawonsu ya haura mita 300,
Ƙasa kore shar kamar teku,
Wajen mita 30, in gaya muku,
Tsakanin ƙafarka da tushen bishiya.

Taku biyar gada ta girgiza,
Sai ga namijin duniya ya zama kaza,
Yara na baya suna "Baba, maza!"
Shi ko ya rungume igiya.

Duk addu'ar da ya sani ya karanta,
Har ta shiga kasuwa ya jawo ta,
Ya ce zai koma, aka ce ka manta,
Gadar nan gaba ake yi, ba baya.

Na-Gefe

Allahu Akbar, asiri ya tonu!

Ashe ƙofar da ba a komowa,
Har a kan bishiya tana samuwa,
Aboki ya shige ta jiki na rawa,
'Yan firamare na yi masa dariya.

Kawu Mai Alli

Ɗana, tsokani abokinka,
Wannan tsakaninku ne, haƙƙinka,
Amma cire ƙofar nan a bakinka,
Shi ya sauko, ga shi a gabanka,
Su ko har yau babu ɗuriya.

Na-Gefe

Baki ne ya riga hankali.

Tuba nake, Kawu, na bari,
Uwargida, ƙarasa labari,
An ce da giwa a dajin, da biri,
Kun gan su ido da ido kuwa, Hajiya?

Uwargidan Ɗan Yawo

Jagora ya ce da giwa da gada,
Mu dai gadar igiya muka shaida,
Ihun yaran nan shi ya tada
Duk wata dabba mai gudun hayaniya.

Sama da kanmu fiffike na ƙara,
Cilakowa ce ta wuce ba jira,
Hazo na tashi, rana ta fara
Ratsa ganye kamar zaren zinariya.

Sai ga wani malam-buɗe-littafi,
Shuɗi, faɗinsa ya kusa tafi,
Ya sauka a hannun Maigida mai ƙarfi,
Shi ko ido a rufe, sai magiya.

Malam Na-Gefe, dajin nan murabba'in kilomita 375 ne, giwar kurmi kuma ƙarama ce mai son ɓuya, ba za ta zo gindin gada ta gaishe ka ba. Mai son ganin dabba sai ya kwana a ɗakin kan bishiya da ke ciki, a zaga da shi da dare. Na kawo shawarar, wani ya ce wai yana da aiki ran Litinin.

Autar Mata

To Kawu, na ji, na sauko,
Jakar tafiya ma na ɗauko,
Amma wanne zan sa a farko,
Gidan bayi ko kan bishiya?

Kuma ni fa sai na shiga ruwan nan, kada ma a fara hana ni.

Ɗan Yawo

Auta, fara da mai nauyi,
Asabar ki ba gidan bayi,
Da yamma ki zauna kan rairayi,
Ki bar abin ya kwanta a zuciya.

Lahadi ki yi sammako da wuri,
Daga Cape Coast arewa, bayan gari,
Wajen kilomita 30 ne, a yi sauri,
Kafin motocin baƙi su cika hanya.

Batun iyo, ki bi a sannu,
Ruwan nan na ja kamar da hannu,
Ya fi ƙarfin garken shanu,
Tsaya iya gwiwa ki koma baya.

Su kansu masunta ran Talata,
Ba sa shiga, suna hutar da ita,
Sai shanya koma da ɗinke ta,
Balle ke baƙuwar jiya-jiya.

Kawu Mai Alli

In ƙafarki ta ɗauka, 'yata, ki leƙa gidan bayi na Cape Coast ma, bai kai kilomita 15 daga Elmina ba. Garin ne hedikwatar Turawan Ingila a ƙasar har 1877, kafin a koma Akra. Gine-ginen biyu suna cikin waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ki kuma hau tudun da Holan ta harbo igwa, sansaninsu na nan a kai, daga can ne ake ganin gari da tafki da teku a lokaci guda.

Ɗan Yawo

Mu dai ɗaya ya ishe mu a yini, Kawu. Batun gada kuwa, jama'a, ba tsoro ba ne, ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Uwargidan Ɗan Yawo

Ƙura a kurmi mai ɗiga?
Raɓa ce ta jiƙa mana riga,
Tafinka har yau da shatin raga,
In ƙarya ne buɗe, a ga sawun igiya.

Na-Gefe

Hoton tafin muke jira, Hajiya. Duka biyun.