Akwatin wufa a a-kori-kura: wane katako, wane fenti?

Direban Gujungu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wurin masu sanin katako da masu harkar waya. Ina da Hilux tsohuwar yayi mai ƙofa biyu, da ita nake jigilar kaya ranakun kasuwa, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, wani lokaci har Dawanau in an samu lodin riɗi. Hanya da nisa, sifikun ƙofa kuma sun gaji, sai ka ji kamar cikin gwangwani ake magana. Na sayi wufa, wato babbar sifikar bes, mai inci 12 ta hannu da amfilifaya, amma babu akwati. Kafintan garinmu ya ce zai haɗa min da ragowar katakon wadirof ya liƙa kafet, ni kuma hankalina bai kwanta ba. A bayan kujera zan sa ko a bodi? Na auna bayan kujera, in an bar wa jek wurinsa: tsawo santimita 80, tsayi 35, zurfi 20 a ƙasa, 12 a sama. Me zan shafa masa kada damina ta cinye min shi?

Kafintan Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam direba, madalla da ka zo da awo, yawancin mutane sai an yanka katako suke tuna tef. Bari mu yi lissafin tare. Katakon da ya dace kaurinsa milimita 18 ne, don haka kowane awo za ka cire kusan santimita 4 na bango biyu. Ciki ya koma 76 da 31, zurfi 16 a ƙasa, 8 a sama. Tunda akwatin a karkace yake, sai ka haɗa 16 da 8 ka raba biyu, 12 ke nan. Ninka 76 da 31 da 12, ka raba da 1,000, za ka samu lita 28. Ita kanta wufar za ta cinye lita 2 zuwa 3 da ƙarfenta da maganaɗisunta. Abin da ya rage maka kamar lita 25.

Lita 25 gidan inci 10 ne. Inci 12 a rufaffen akwati yawanci tana son lita 28 zuwa 40. Kuma kafin ma a zo maganar iska, akwai maganar zama: kifa wufar a kan tebur ka auna daga bakinta zuwa bayan maganaɗisu. Yawancin masu inci 12 suna kai santimita 14 zuwa 16, kai kuma a tsakiyar akwatinka 12 gare ka, sai kaurin katakon fuska. Za ta tokari bango. In akwai rami a tsakiyar maganaɗisun, ta nan take shan iska, sai an bar masa sarari kamar yatsa biyu. Da ni ne, zan musanya ta da inci 10 mara zurfi, irin wadda aka yi don bayan kujera.

Ɗan Sifika:
Oga, kafin a yi nisa, don kai kake so ko don jama'a? In talla za ka riƙa yi ko sanarwar wa'azi a kasuwa, wufa ba za ta yi maka komai ba. Ita bes kawai take bugawa, muryar mutum ba ta fita ta cikinta. Lasifika mai ƙaho kake buƙata.

Direban Gujungu:
A'a ƙanena, don kunnena ne ni da yaron mota. To Malam kafinta, in na ƙi rabuwa da mai 12 ɗin, ba sai in kai ta bodi ba? Can akwai fili.

Kafintan Ringim:
Fili akwai, amma sautin fa? Tsakaninka da ita ga ƙarfe ga gilashi, rabin bes ɗin mutanen bakin titi za su sha. Sannan bodin da ake ɗora buhun riɗi yau, gobe awaki, jibi a wanke da bokiti, ba mazaunin sifika ba ne. Ga rana, ga masu dogon hannu a tasha. Ƙaramin ɗakin direba kuwa shi kansa yana ƙara wa bes ƙarfi, shi ya sa inci 10 a ciki ta fi 12 a waje amfani gare ka.

Sai katako. Ragowar wadirof ɗin nan in irin na garin katako ne da ake matsewa, wanda za ka ga ɓarɓashi a gefensa, kada ka yarda. Ba ya riƙe sukuru, yana shan ruwa ya dagargaje. Masu haɗa akwatin sauti sun fi son MDF, wato allon lallausan garin katako da aka matse da gam, saboda nauyinsa da santsinsa, ba ya rawa. Aibinsa ɗaya, ruwa: gefensa na taɓa lema zai kumbura, kuma ba ya komawa. Ni a motar ƙauye na fi son filawud mai kyau, mai falle da yawa, wanda in ka dubi gefensa ba ka ganin ramuka. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi jure gargada. Ana samun duka biyun a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kuma rabin falle ya ishe ka har da saura.

Mai Kujeru Kazaure:
Malam, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Filawud ɗin da ke yawo yanzu, sama kyau ciki rami. In ramin ya faɗo a fuskar akwati, kullum sai ka ji zizar da ba ka san inda take ba. MDF ba ya ɓoye komai, abin da ka gani a gefe shi ne a ciki. Tunda a ɗakin direba zai zauna, a yi da MDF a rufe shi da kyau, a ɗora shi kan 'yan robobi kada gindinsa ya taɓa daɓe. Sai dai a fara huda da siririn bakin injin kafin a ɗaura sukuru, in ba haka ba gefen zai tsage. Ƙusa kuwa a bar ta a gida.

Kafintan Ringim:
Na yarda, in mai kyau bai samu ba gara MDF. Ko wanne ya ɗauka, ƙarfin akwati a gam yake. A shafa farin gam na katako, irin su Top Bond, a duk mahaɗa har ya tsattsafo, sukuru aikinsa ya riƙe kafin gam ya bushe. Tunda akwatin dogo ne, a gitta ɗan katako a ciki daga fuska zuwa baya, kusa da ramin wufa, don kada bangon ya riƙa numfashi tare da ita. Daga nan a bi kusurwoyin ciki da silikon. Kada a ɗaura wufar ranar: silikon mai warin tsami yana fitar da tururin da ba ya yi wa gam da ƙarfen sifika daɗi, a bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu.

Kuma a yi shi rufaffe, kada wani ya ce a huda masa bututu don ya ƙara ƙara. Mai bututu yana buƙatar babban ciki da lissafin tsawon bututun daidai da ita wufar, in aka yi da ka sai gurnani. Ban da haka ƙurar hunturu ta nan za ta shiga, zanzaro ya yi gini, ɓera ya samu ɗaki. In an gama, danna tsakiyar wufar a hankali da yatsu a baje. In ta dawo a sannu, akwatin ya rufu. In ta dawo fit, ko ka ji huci, akwai inda iska ke zurarewa.

Baba Mai Fenti:
Yara, kun gama naku? To ga nawa. Ɗana direba, kafet a motar da ke bin hanyar Maigatari wahala ce. Wata ɗaya ya koma jajir da ƙura, in ruwan jarka ya zube ya riƙe lema a jikin katakon, ka ga ya zama shi ne mai kashe akwatin. Gam ɗin da ake liƙa shi da shi kuma, in motar ta wuni a rufe cikin ranar Afrilu, sakin jiki yake yi, gefuna su fara ɗagowa.

Abin da ya dace shi ne fentin da ake fesa wa bodin a-kori-kura, mai kauri mai gurza-gurza. Akwai Raptor da ire-irensa, ana haɗa shi da hadina, wato sinadarin da ke sa shi ya yi tauri, kafin a fesa. In ya bushe ba ya jin karce, ba ya jin ruwa, tsumma kawai za ka sa ka goge. Amma fenti ba ya gyara aikin da ba a shirya ba. A cike kan sukurori da bodi-fila, a goge da samfefa, a kashe kaifin kusurwoyi, domin fenti ba ya zama a kan kaifi, daga nan yake fara ɓarewa. Gefen MDF kuwa in ka fesa masa kai tsaye shanyewa zai yi ya bar maka tabo. Sai an fara toshe shi da sila ta katako ko rezin ɗin faiba, shafi biyu, har da bakin ramin wufa da ƙasan akwatin da ido ba ya gani. Can ne ruwa ke fara shiga, can ne kuma masu gaggawa ke tsallakewa. Sai a ɗan karce da samfefa mai laushi don fentin ya samu abin kamawa, a fesa shafi biyu marasa kauri, a bar tazara tsakaninsu yadda aka rubuta a gwangwani.

A fesa a fili, da takunkumi na gaske mai matata, ba ƙyalle ba, don hadinar nan tana illa ga huhu. Kada a fesa ranar da hunturu ya taso, ƙura za ta zauna a kai. Kuma in an haɗa da hadina a yi amfani da shi nan take, ba ya jiran a dawo daga kasuwa.

Direban Gujungu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wani ya ce min baƙin da ake shafa wa ƙarƙashin mota ya fi araha, shi fa?

Baba Mai Fenti:
Mai kwalta? Kada ka kuskura. Zafi na dukansa zai yi laushi, ya ɓata bayan kujera, warinsa ya hana ka sakat a ɗaki. In aljihu bai kai ba, toshe katakon da rezin kamar yadda na faɗa, ka bi da fentin mai shafi biyu ko uku. Ba zai jure karce kamar wancan ba, amma ruwa ba zai ci shi ba.

Mai Rewaya Wudil:
Ku bar ni in sa baki, don motocin da suka ƙone da na gani ba katako ya ƙone su ba. Oga, kada ka kalli babban adadin da aka rubuta a kwali, nemi inda aka sa RMS, wato ƙarfin wat na gaske, a jikin amfilifaya da wufar, su yi kusa da juna. Amfilifaya mai wat 300 na gaske tana iya jan amfiya 30 in ta ɗau zafi. Wannan sai waya mai lamba 8 ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda gorar ruwa ce aka yi wa rufin ja, karce bakinta, in ka ga fari ka ajiye ta ko ka ɗauki mai kauri sosai. Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin wayar yake karewa. Inda za ta ratsa ƙarfe zuwa ɗaki a sa mata roba. Wayar as, wato wadda ake haɗawa da jikin mota, ta zama gajera, a kankare fenti a ɗaura ta a kan farin ƙarfe. A bayan amfilifaya akwai maɓallin LPF mai tace sauti ya bar wa wufa bes kaɗai, ka tsayar da shi wajen lamba 80, sauran sautin a bar wa sifikun ƙofa, waɗanda su ma ka ce sun gaji, ka canza su. In ka kashe inji a kasuwa ka kashe kiɗa, in ba haka ba da yamma sai an tura ka.

A ɗaure akwatin da ƙarfen kusurwa a jikin mota, ba a bar shi ya riƙa yawo ba, birki ɗaya zai dako bayan kujera. Kafin a huda daɓe a leƙa ƙasa, akwai bututun mai da na birki.

Alhaji na Dambatta:
Allah ya sa albarka a sana'a. Ni dai roƙona, a rage in an zo masallaci ko maƙabarta ko garken shanu, kuma a bar kunne ɗaya ya ji hon ɗin tirela.

Direban Gujungu:
In sha Allahu Alhaji. Na auna wufar yanzu, santimita 15 ce, maganar Malam kafinta ta tabbata. Zan shiga Sabon Gari in nemi musanya da inci 10. Baba, bayan an fesa kwana nawa kafin in sa a mota?

Baba Mai Fenti:
Cikin sa'o'i kaɗan zai bushe a hannu, amma bai nuna ba. Ba shi kwana uku a inuwa kafin ka ɗaura wufa, mako guda kafin ka rufe shi a ɗaki, saboda wari. Kuma ka liƙe zagayen da bakin wufar zai kwanta da tef kafin a fesa, don gurza-gurzan nan in ya hau wurin iska za ta riƙa fita ta ƙarƙashinta.