Finafinan Amurka Marasa Magana: Da Wanne Za a Fara?

An tattauna a kan wanne fim ya kamata mutum ya fara kallo a cikin tsofaffin finafinan Amurka marasa magana. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara da barkwanci, tunda dariya ba ta buƙatar tafinta. Aka ambaci The Kid na Charlie Chaplin, na 1921, sai Sherlock Jr. na Buster Keaton, 1924, wanda bai cika awa guda ba. Ni Keaton ya fi burge ni, fuskarsa ko gezau ba ta yi.

Mai son ganin tushe ya nemi The Great Train Robbery na 1903.

Gardama ta fi zafi a kan The Birth of a Nation na 1915. An yaba fasaharsa, amma ya ci zarafin baƙaƙen fata, ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu wariyar launin fata. Wasu suka ce in an kalle shi, a bi da Within Our Gates na Oscar Micheaux, baƙar fata, na 1920.