Ullmark ko Swayman, wa ya kamata Boston ta riƙe?

Abban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin hoki na ƙanƙara. Ni dai ban jima da fara kallon NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba, ɗan yayana ne da ke karatu a Amurka ya jawo ni ciki, amma akwai abin da yake damuna kan Boston Bruins. A kakar 2022-23 Linus Ullmark ne gola na ɗaya, ya ci wasa 40, ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon gola, har ƙwallo ya ci da kansa a ragar Vancouver daga can ɓangaren ragarsa. To ta yaya a 2024 za a sallama shi zuwa Ottawa a riƙe Jeremy Swayman wanda shi ne na biyu? Wallahi abin ya tsaya min a rai, don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Malam Na Boston:
Wa alaikumus salam Abban Ummi. Abin da za ka fara ganewa shi ne hoki ba kamar ƙwallon ƙafa ba ce da gola na biyu zai shekara a benci bai taɓa ƙwallo ba, nan sama da wasa 80 ake bugawa a kaka, wani sa'in yau a buga gobe ma a buga a wani gari, ba golan da jikinsa zai ɗauka shi kaɗai. Shi ya sa Swayman ma a waccan kakar ya ci wasa 24, yana tare kusan kashi 92 cikin ɗari na harbin da aka yi masa, Ullmark kuma kusan 94. Tare suka raba kyautar Jennings ta ƙungiyar da aka fi ƙarancin zura wa ƙwallo. Ƙungiyar ta ci wasa 65, maki 135, ba a taɓa yi ba a tarihin gasar.

Amma gaskiya inda magana ta canza a wasannin fidda gwani na ƙarshen waccan kakar ne da ƙungiyar Florida, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai yake wucewa. Boston ta ci wasa uku Florida ɗaya, saura wasa ɗaya ta wuce. A wasa na biyar cikin ƙarin lokaci Ullmark ya fita bayan raga ya ɗauko ƙwallon, ya ba da ita ta faɗa hannun abokan gaba, kafin ya dawo daidai Matthew Tkachuk na Florida ya jefa ta, ni ina kallo a falo na miƙe tsaye na dafe kai. Wasa na shida aka ci su 7-5. Koci Jim Montgomery bai sa Swayman ba sai a wasa na bakwai.

Hajiya Maman Sadiq:
Malam ka faɗi gaskiya amma ni laifin koci nake gani ba na Ullmark ba. Duk shekara kana musanya su, wannan ya buga wancan ya huta, in an ci wasa su fito tsakiya su buɗe hannu su rungume juna jama'a na ihu, sai da aka zo inda ake buƙatar hutun sannan ka ɗora wa mutum ɗaya wasa shida a jere? Kuma ka ɗauko yaro ka jefa shi wasan ƙarshe bayan ya daɗe a zaune. Duk da haka Boston na gaba 3-2 har saura minti ɗaya Montour na Florida ya rama, abokin wasansa Verhaeghe ya ƙarasa a ƙarin lokaci. Florida fa ba su yi nauyin jiki ba, Alex Lyon ne ya fara tsare musu raga, da suka ga ba dama suka dawo da Bobrovsky tun da wuri.

Malam Na Boston:
Haka ne Hajiya, ban musa ba. Sai dai ki duba fidda gwani na 2024, da Toronto aka ba Ullmark wasa na biyu aka ci su, daga nan Swayman ya riƙe ragar har suka fitar da Toronto a wasa na bakwai. Ga shekaru kuma, Ullmark haihuwar 1993 ne, Swayman 1998. Kuma NHL akwai iyakar jimillar albashin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, ba za ka iya biyan manyan gola biyu ba.

Abban Ummi:
Na gode ƙwarai, yanzu na ɗan gane. Amma Malam an ba Swayman dala miliyan 66 na shekara takwas, aka kawo masa Korpisalo a matsayin na biyu, sai ga shi a 2024-25 Boston ko fidda gwani ba ta shiga ba, Ottawa ta Ullmark kuwa ta shiga. Ni har yanzu ina tare da Hajiya, ina ganin ƙarfin Swayman ɗin nan rabinsa don akwai Ullmark a bayansa ne yana rage masa nauyi. Shi Korpisalo ya kuke ganinsa, zai iya ɗaukar wasa talatin a kaka kuwa?