std::array: ta yaya fankishin ɗaya zai karɓi jeri masu tsawo daban-daban?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ido a harshen rubuta manhaja na C++ ku duba min wannan, ta tsaya min a wuya.

A jeri masu ƙayyadadden tsawo nake ajiye lambobina: ma'aunin zafi a std::array<int, 8>, na danshi kuma a std::array<int, 16>. Na rubuta fankishin mai fitar da matsakaicin lambobin, ya karɓi na takwas lafiya lau, amma da na miƙa masa na sha shida sai g++, wato kompailan GCC mai fassara rubutun manhajar zuwa harshen na'ura, ya ƙi. Na gane dalili: tsawon yana cikin nau'in kansa, don haka a wurin kompaila su biyun ba dangin iya ba na baba.

Sai na mai da shi template<std::size_t N>. Muddin komai na cikin main.cpp, yana tafiya. Ina kwashe jikin fankishin ɗin zuwa awo.cpp, na bar shelarsa kaɗai a awo.h, sai ga "undefined reference" a matakin haɗa fayiloli. Shin dole ne jikin template ya zauna a fayil ɗin .h? Ko akwai yadda zan gaya wa kompaila tun daga awo.cpp ya samar da na 8 da na 16 kawai?

Na san std::span, mai karɓar jeri kowane tsawo, zai raba gardama, amma na C++20 ne, sai daga GCC 10, ni kuwa Ubuntu 20.04 nake kai mai GCC 9, kuma kwamfutar ta wurin aiki ce. std::vector, jerin da tsawonsa ke iya canzawa, shi ma ba na so, domin manhajar za ta koma kan ƙaramar na'ura mai ƙarancin ma'adana.

Ko in haƙura in riƙa miƙa data() da size(), wato adireshin farkon jerin da tsawonsa, kamar zamanin harshen C? Wanne kuka fi amfani da shi? Na gode, Allah ya ƙara sani.