Injin Lister na marigayi Baba ya cije, yayyena na son kai shi kilo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin injinan lambu. A yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da lambu a wajen Kura, tumatir da albasa da ɗan attaruhu. Tun ban san kaina ba akwai wani Lister mai silinda ɗaya da ke ja masa ruwa, irin mai manyan wili biyu ɗin nan da ake girka wa duro a gefe don ya sanyaya shi. Da ƙararsa muka tashi, tuf-tuf-tuf, in ya mutu da dare har Inna sai ta farka. Baba ba ya yarda kowa ya kama handul sai shi. Ni aikina in dafe ɗan ƙarfen da ke ɗage bawul, sai ya juya ya juya ya ce "saki!" in saki, hayaƙi ya turnuƙe mu. Da ƙananan injinan fetur suka shigo aka jingine shi a rumfa, rumfar ma daga baya ta faɗi. Yanzu yayyena biyu sun kawo ɗan gwangwan ya yi masa kuɗi a kilo, ni kuma na riga na cika baki a zaman ƙungiya cewa bayan Babbar Sallah zan kawo shi yana aiki. To ya cije, wilin ko gezau. Na ɗura kananzir ta ramin nozul, yau kwana tara. Notinan kan injin kuma duk sifanar da na sa ba ta zama, har na cinye bakin biyu. Ya zan yi?

Oga mai gareji: Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye sifanar nan tukuna. In na Ingila ne na asali, notinansa na tsohon awon Ingila ne da ake kira Whitworth, ba awon milimita ba, shi ya sa kake cinye su. A garin Dursley aka riƙa ƙera irinsa tun wajen 1930 har 1987. Mai ƙarfin doki 6 juyi 650 kawai yake yi a minti, wannan nawar ce ta sa ba sa mutuwa. Amma ba ka faɗa mana komai ba. Shekara nawa a ajiye? Bakin salansa a buɗe yake damina ta yi ta dukansa? Ɗauko mana hoton farantin tagulla da ke jikinsa. Sannan buɗe ƙofar ƙasa ka leƙa, baƙin mai ne a ciki ko ruwa. Ni shekarata arba'in a kan waɗannan injina, maganar ɗaya ce, sai an cire kan.

Wani daga Maraɗi: Ni dai na ce kada ka buɗe. Haɗa gas da man giyar mota ka cika shi, ka manta da shi wata guda, kullum ka ɗan girgiza wilin gaba da baya. Buɗewar nan ce ta kashe min nawa. Ƙaramin Lister ne na fetur, na kai wa wani makanike ya duba wuta kawai, ya riƙe shi wata bakwai, da na karɓo an sauya min maganeto, abin da ke ba shi wuta, da wani mataccen. Har gaban mai unguwa muka je, ya rantse haka na kawo shi. Yana nan a zaure awaki na hawa.

Mai tambaya: Allah Ya saka, Oga. Kananzir ɗin ba da ka na zuba ba, da shi Baba ke wanke komai na injin. Kan kuma ina tsoron in cire in rasa gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da silinda, kuma rabon da a taɓa notinan nan tun hannun Baba. Shekaranjiya dai na zura dogon bututu tsakanin ƙafafun wilin, mu uku muka danna, na ji kamar ya ɗan yi ƙara.

Oga mai gareji: Innalillahi! Ku uku? Wilin nan ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Kuma wili mai tsaga in ya ɗauki gudu ya tarwatse, ba inji kaɗai za a rasa ba. Ƙarar da ka ji, ko ƙafar wili ce ko sandar fistin ka tanƙwara. Ka wanke shi, ka ƙwanƙwasa kowace ƙafa da ƙaramar guduma, mai lafiya tana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ka ji dum. Ana cire kai, a share tsatsar da ke saman fistin, a yanko guntun katako daidai faɗin ramin, a riƙa bugu a hankali. Ba a kokawa da shi.

Mai shagon kayan inji: Gasket ba matsala ba ne. Indiyawa na Rajkot har yau suna ƙera irin injin nan, fistin, ringi, nozul, duk ana samu, yawanci kuma suna shiga. Abin da aka rasa a kai samfur Panteka a Kaduna a fiƙe maka.

Oga mai gareji: "Yawanci" ɗin nan ita ke kashe inji. Na asali da yawa cikin silindarsu shafe yake da kurom, in ka sa masa ringi mai kurom su biyun za su cinye juna. Ku masu shago ku dai a saya.

Mai shagon kayan inji: Haba Oga, bara wa ya zo ya karɓi nozul biyu bashi a wurina?

Malam na Zariya: Ni ba makanike ba ne, amma akwai abin da kowa ya tsallake. An raba gadon kuwa? In ba a raba ba injin nan ba naka ba ne kai kaɗai, akwai haƙƙin mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata. A yi masa ƙima, ka biya kowa rabonsa, sannan ka yi gyaranka da kwanciyar hankali.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, ai ba sayarwa zan yi ba. Shekara da shekaru yana cikin ciyawa ba wanda ya waiwaye shi, sai da suka ji ya haura kilo 300 ya zama dukiya. Ni na biya kuɗin amalanken da ya fito da shi daga fadama.

Hajiya mai lambun zogale: Ƙanena, kuɗin da za ka narkar a nan da ka haɗa ka sa sola a lambun. Ni tunda na sa na huta da gas. Maigidana ma akwai wata tsohuwar garmar inji da ya tare min tsakar gida da ita shekara shida, kullum "saura ƙiris", a kanta nake shanya.

Wani daga Maraɗi: Hajiya, ai mu ba don ruwan muke yi ba, don ƙarar ne.

Mai tambaya: Na gode kowa da kowa. Zan ƙara masa mako biyu da kananzir ɗin in gani. Wai koren fentin nan nasa mai duhu, ana samun a haɗa shi a Kano? Ina son in fara fente duron kafin yayana ya dawo daga tafiya.

Oga mai gareji: Fenti! Yaro, ina hoton farantin da na ce ka turo?